Iyaye taurari, gida cike da yara: yaya ake haɗa irin wannan wasan barkwanci?

Abbati:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar rubutu da ɗauka ce. Akwai irin wasan barkwancin nan na talabijin ɗin Amurka mai rabin awa, wanda uban mawaƙi ne ko uwar jaruma ce da duniya ta sani, amma labarin kusan duk a cikin gida yake, ana fama da tarbiyyar yara. Wani sai ya shekara goma ana yi, wani ko zangon farko ba ya ƙarasawa an rufe shi. Me ke kawo wannan bambanci? Kuma a aikace, yaya kashi ɗaya ke tashi daga takarda ya kai allo?

Malam Garba:
Wa'alaikumus salam, Abbati. Mu fara da agogo. Rabin awar nan a suna ne kawai. Abin da marubuci ke da shi a tashar da ke sa talla minti 21 ne zuwa 22, sauran na masu talla ne. A cikin wannan za ka sa 'yar buɗewa ta minti ɗaya ko biyu kafin waƙar shiri, sai gaɓa biyu ko uku da talla ke raba su, sai 'yar wutsiya ta ƙasa da minti ɗaya lokacin da sunaye ke wucewa. Kowane kashi yana ɗauke da babban labari ɗaya da ƙarami ɗaya, wani lokaci da wata 'yar raha da ke dawowa sau uku. A shirin iyali galibi ana ba iyaye ɗaya, yara ɗaya, a ƙarshe su haɗu a falo ko kicin.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne, shahara ita kaɗai ba labari ba ce. Marubutan da suka ɗauka ita ce labarin su ne ake rufe wa shiri. Kashi na farko 'yan jarida sun yi dafifi a ƙofa, na biyu wani masoyi ya hauro katanga, na uku an je karɓar lambar yabo. Kafin kashi na takwas rijiyar ta ƙafe.

Abin da ke ba da dariya shi ne mutum wanda a waje kowa "to ranka ya daɗe" yake ce masa, ya shigo gida babu mai ɗaga kai ya dube shi. Ku ɗauki uban da ya cika filin wasa jiya da daddare, mutane na ihu suna kiran sunansa. Da safe ya ɗauki 'yarsa mai shekara 13 zuwa makaranta, ta ce ya sauke ta a kwana kafin ƙofa, kuma don Allah kada ya sauke gilashi, kada ya ɗaga wa kowa hannu. Duk uban da ya haifa ya san wannan kunyar da yara ke ji da iyayensu. Shaharar gishiri kawai ta ƙara.

Akwai gwajin da za ka yi wa kowane labari. Cire shaharar. In labarin ya rushe gaba ɗaya, to labarin harkar waƙa ka rubuta, ba na iyali ba. In bai canza ko kaɗan ba, shaharar ado ce, ka ɓata kuɗin kaya. Wanda kake nema shi ne wanda zai tsaya, amma ya rage daɗi.

Nafi'u:
Malam, da sauran rina a kaba. Wasan iyali da rashi yake tafiya. Banɗaki ɗaya yara huɗu, mota ta lalace, kuɗin makaranta ya zo. Wanda yake da mai raino biyu da direba da mai dafa abinci, wace matsala ce za ta tsaya masa har minti 22? Ya ɗaga waya an gyara. Kuma mai kallo da ya dawo daga aiki a gajiye, don me zai tausaya wa mai gidan da ke da wurin wanka a tsakar gida?

Malam Garba:
Wannan ita ce babbar matsalar, Nafi'u, ban musa ba. Sai dai rashi ba na kuɗi kaɗai ba ne. Tauraro yana da rashin lokaci da rashin sirri. Ranar da ɗansa zai fito a wasan makaranta ita ce ranar da kwangila ta ɗaure shi a wani gari. In ya samu ya zo, zuwan nasa ya ƙwace wa yaron taron, iyayen sauran yara duk sun juya wayoyinsu gare shi, yaro na kan dandamali babu mai kallonsa. Ka ga ko ya zo ko bai zo ba ya yi laifi. Irin wannan kuɗi ba ya gyarawa.

Sannan marubuta na rage wa shaharar ƙarfi da gangan. Ko dai tauraron ya fara dusashewa, waƙarsa ta ƙarshe da ta yi tashe ta shekara 15, ko kuwa shahararsa ta gari ɗaya ce, kamar mai gabatar da shirin safe a ƙaramar tasha. Ana gane shi a kanti, amma bai fi ƙarfin wanke kwanuka ba.

Ma'aikatan gidan kuwa kada ka ɓoye su, ka mayar da su 'yan wasa. Mai rainon da ta san girman takalmin kowane yaro alhali uwar ba ta sani ba, ita kaɗai ta isa zango guda na dariya. Sai manaja, wanda ke shigowa kicin ba sallama da waya a kunne. Aikinsa a rubutu shi ne ya kawo duniyar waje cikin gida, don kada a sha wahalar fita ɗauka.

Baba Tanko:
Yara, abin nan da kuke muhawara a kai ya girmi da yawanku. Tun farkon talabijin ake yin sa, kuma dalilin mai sauƙi ne: waɗanda suka fara shirye-shiryen mawaƙa ne da masu barkwanci daga rediyo da gidajen rawa, sai aka ba su rawar da ta yi kama da rayuwarsu.

The Adventures of Ozzie and Harriet ya fara a rediyo a 1944, ya koma talabijin a tashar ABC a 1952, ya yi har 1966. Zango 14, kashi 435. Ozzie Nelson shugaban makaɗa ne a gaske, matarsa Harriet mawaƙiya, kuma 'ya'yansu na cikinsu, David da Ricky, su suka fito a matsayin 'ya'yan. Abin lura, a talabijin ba a damu da faɗin sana'ar Ozzie ba, kullum yana gida, har abin ya zama abin zolaya. Wato gidan taurari ne na gaske, amma sun ajiye shaharar a bakin ƙofa. A 1957 ne Ricky ya fara waƙa a cikin shirin, daga nan ya zama mawaƙi da kansa.

A 1953 aka fara Make Room for Daddy, inda Danny Thomas ya fito a matsayin mai nishaɗantarwa a gidan rawa, wanda aiki ke hana shi zama da iyalinsa. Ya kai har 1964. Wannan shi ne rashin lokacin da Malam Garba ke faɗa.

Sai I Love Lucy na 1951, inda mijin shugaban makaɗa ne, matar kuma kullum tana neman hanyar da za ta shiga harkar. Da Lucille Ball, wadda ta fito a matsayin matar, ta samu ciki a gaske sai aka sa cikin a labari, ko da yake tashar CBS ba ta yarda a furta kalmar ciki kai tsaye ba. An nuna kashin haihuwar ranar 19 ga Janairu 1953, ranar da ita ma ta haihu, kuma kimanin mutum miliyan 44 suka kalla. An riga an ɗauki kashin watanni kafin ranar.

Usman Kyamara:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Kuma wannan shirin na 1951 shi ya kafa tsarin da har yau ake bi. Desi Arnaz, wanda ya fito a matsayin mijin, ya ɗauko mai ɗaukar hoto Karl Freund, suka tsara ɗauka da kyamara uku a lokaci ɗaya, a kan fim mai milimita 35, a gaban 'yan kallo. Yau kyamara huɗu ake sawa.

Abbati ya tambayi aikace, to ga yadda makon yake a tsarin kyamara da yawa.

Litinin a zauna a teburi a karanta rubutun da baki, marubuta na gefe suna yi wa duk layin da aka yi dariya alama. Wanda ya wuce shiru a daren za a sake shi. Talata da Laraba gwaji ne a kan dandamali ba kyamara, kowace rana da yamma a yi wa furodusoshi da wakilan tasha cikakken gwaji, su ba da gyara, marubuta su sake kwana. Sababbin shafuka kan zo da launin takarda daban don kada wani ya riƙe tsohon. Alhamis ranar kyamara ce: a bi fitowa ɗaya bayan ɗaya, a manna tef mai launi a ƙasa inda kowane ɗan wasa zai tsaya, kowace kyamara ta rubuta jerin hotunanta. Juma'a da yamma a shigo da 'yan kallo, mutum 200 zuwa 300, a ɗauka. Minti 22 kan ci awa uku zuwa huɗu, shi ya sa ake ɗaukar mai barkwanci na musamman da zai riƙe jama'a tsakanin fitowa da fitowa. Wasu shirye-shiryen Laraba suke farawa su ɗauka Talata, amma kwana biyar ɗin ne dai.

Ɗakunan bango uku ne, babu na huɗu, babu rufi. Falo da kicin da wataƙila ɗaki ɗaya suna jere a layi suna fuskantar 'yan kallo, fitilu na rataye a sama. Dalilin da ya sa doguwar kujerar falo kullum take tsakiyar ɗaki tana kallon mu ke nan, kuma a teburin cin abinci ake barin gefe ɗaya babu kowa. Hasken ma shimfiɗaɗɗe ne, ko'ina daidai, saboda kyamara huɗu na kallo daga kusurwa huɗu, ba za ka yi wa ɗaya kwalliya ka ɓata wa uku ba.

Matsalar da shirin taurari ke da ita a nan ita ce dole a nuna shaharar, kuma taro tsada gare shi. Ba za ka cika filin wasa don hoton daƙiƙa goma ba. Dabarar ita ce a ɗauka daga bayan fage. A gina ɗakin kwalliya, madubi da fitilu kewaye, ƙofa ɗaya. In an buɗe ƙofar mai sauti ya saki ihun jama'a, haske mai ƙarfi ya faɗo ta ƙofar, in an rufe ya yanke. Mai kallo zai rantse ya ga taron. 'Yan jarida a ƙofar gida kuwa mutum shida da walƙiyar kyamara ta bayan labule sun isa.

Abbati:
To fitowar da dole sai an fita waje fa, kamar ta mota da Malam ya kawo?

Usman Kyamara:
Ita ake ɗauka tun Alhamis ko kafin nan, a tace ta, ranar Juma'a a nuna wa 'yan kallo a allunan da ke rataye a samansu daidai wurinta a labari, a naɗi dariyarsu. Motar ma sau da yawa a cikin ɗakin ɗauka take, an cire gilashin gaba don kada ya mayar da haske, titin da kake gani a baya hoto ne.

In labarin yana son fita sosai, gara tsarin kyamara ɗaya, kamar fim. Babu 'yan kallo, ɗaki mai bango huɗu, kwana biyar cur ana ɗauka, kowace fitowa a maimaita daga kusurwa daban. The Bernie Mac Show, daga 2001 zuwa 2006 a tashar Fox, haka aka yi shi. Mai barkwancin ya fito da sunansa na gaske, yana riƙon 'ya'yan 'yar'uwarsa uku, yana zama a kujera ya juyo ya yi wa kyamara ƙorafi kai tsaye. Wannan juyowar ta maye masa gurbin 'yan kallo.

Hajiya Rabi:
Kun yi ta maganar rubutu da kyamara, amma wanda ke juya jadawalin gaba ɗaya shi ne yaro ɗan shekara bakwai, ba darakta ba. Yawancin waɗannan shirye-shirye a jihar Kalifoniya ake ɗaukar su, kuma dokar aikin yara a can ƙidaya ce ba ra'ayi ba.

Jariri sai ya cika kwana 15 kafin a kawo shi. Daga nan zuwa wata shida, awa biyu kawai zai yi a wurin, aikin da zai yi a gaban kyamara kuma minti 20 ne duka-duka, da ma'aikaciyar jinya a gefe. Daga wata shida zuwa shekara biyu, awa huɗu a wurin, biyu na aiki. Daga biyu zuwa ƙasa da shida, awa shida, uku na aiki. Daga shida zuwa ƙasa da tara, in ana makaranta, awa takwas: huɗu aiki, uku karatu, ɗaya hutu. Daga tara zuwa ƙasa da 16, awa tara, biyar na aiki. Mai 16 da 17 awa goma, shida na aiki.

Awa ukun karatun nan ba wasa ba ne. Akwai malami mai lasisi na musamman a wurin, da aji a gefen ɗakin ɗauka, kuma karatun da bai kai minti 20 a jere ba ba a ƙidaya shi. Wannan malami shi ne kuma mai kula da lafiyar yaron. In ya ce lokaci ya cika, to ya cika, ko da saura layi ɗaya. Uwa ko uba ko waliyyi dole su kasance inda za su iya gani ko jin yaron da bai kai 16 ba. In gobe akwai makaranta, ƙarfe 10 na dare ne iyaka, in babu ana iya kaiwa 12:30. Ɗauka ranar Juma'a na da wannan amfanin. Tsakanin tashi daga aiki da dawowa kuma sai an ba shi awa 12.

Yanzu ku koma ku dubi rubutun. Kun lura yara kan shigo fitowa su faɗi layi biyu, uwa ta ce "ku hau sama ku yi aikin gida", su ɓace? Ba lalacin marubuci ba ne, agogo yake ceto. Ranar ɗauka ana fara fitowar yara ko da ba ita ce ta farko a labari ba. Lokacin daidaita haske da kyamara wani babba mai gajeren tsayi ne ke tsaya musu. In uba na magana kyamara na kansa, sau da yawa yaron ya riga ya tafi, da tef ɗin da aka manna a jikin kujera yake magana. Marubucin da ya rubuta kashin da ɗan shekara biyar ke cikin fitowa tara daga goma, mai tsara jadawali zai dawo masa da shi a ranar.

Ga jarirai kuwa tagwaye ake nema masu kama ɗaya, lokaci ya ninka, kuma in ɗaya na kuka a ɗauko ɗaya. Mary-Kate da Ashley Olsen haka suka yi rawar yarinya ɗaya a Full House daga 1987 zuwa 1995, sun fara ba su cika shekara ba. Uban a wannan shirin ma mai gabatar da shiri ne a tashar garinsu, irin matsakaiciyar shaharar da aka ambata a sama.

Barista Hauwa:
In ƙara a kan ta Hajiya, akwai batun kuɗin yaron. Jackie Coogan yaro ne da ya yi suna tare da Charlie Chaplin a 1921, ya tara dukiya mai yawa, ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, a 1939 Kalifoniya ta yi dokar da ake kira da sunansa. Yadda take yanzu, mai shiri zai cire kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro kafin a taɓa komai, ya zuba a asusun da aka kulle har sai ya cika 18. Ba a buɗe asusun ba, akwai matsala tun daga kwangila.

Sai abin da ya shafi shirin taurari musamman. Tauraron ƙage yana buƙatar tarihi na ƙage, kuma kowane yanki nasa sai lauya ya duba. Sunansa sai an bincika kada ya zo daidai da na wani mawaƙi mai rai. Mujallun da ke jikin bango da fuskarsa, sunan mujallar ƙirƙira ne ko an nemi izini. Lambar yabon da ke kan kanta ba za ta zama mutum-mutumin Oscar ba sai da izinin masu shi, shi ya sa kuke ganin wani dunƙulen gilashi marar suna. Lambar waya daga 555-0100 zuwa 555-0199 ake ɗauka, an keɓe su don ƙagaggun labarai.

Waƙa ta fi duka ciwon kai. Kowace sananniyar waƙa haƙƙi biyu ne a kanta, na wanda ya rubuta da na wanda ya naɗa, kowanne da mai shi. In ɗan wasa ne ya rera da bakinsa, na rubutun kaɗai za ka biya. Kuskuren da ake yi shi ne a sayi izini na 'yan shekaru ko na talabijin kawai, saboda ya fi araha. Shekara goma bayan nan a zo sayar da shirin ga masu nunawa ta intanet, izini ya ƙare, sai a cire waƙar a liƙa wata. In rahar a kan waƙar aka gina ta, fitowar ta mutu. Don haka in uban mawaƙi ne, ka ɗauki marubucin waƙa ya yi masa uku ko huɗu nasa na kansa, mallakar shirin.

Malam Garba:
Kuma waƙar ta zama mai daɗin da za a yarda ta taɓa tashe, amma da ɗan abin kunya a cikinta wanda yara za su riƙa yi masa tsiya da shi. In ta yi muni sosai ba za a yarda tauraro ba ne, in ta yi kyau sosai babu dariya.

Nafi'u:
Duk na ji. Amma dariyar gwangwanin nan fa? Uba ya shigo ya ce "ina kwana", a kwashe da dariya kamar an biya su. Ni a ganina ita ke kashe irin waɗannan shirye-shirye, tana rufe raunin rubutu.

Zainabu Tace:
Yaya Nafi'u, abu biyu ka haɗa. Akwai dariyar na'ura zalla, wadda Charley Douglass ya yi suna da ita tun shekarun 1950 da akwatinsa mai maɓallai kamar na kiɗa, ana sa ta a shirin da babu 'yan kallo sam. Akwai kuma dariyar mutanen da ke zaune ranar Juma'a, da makirufo rataye a saman kawunansu. Yawancin shirye-shiryen kyamara da yawa na biyun suke amfani da ita, sai dai ana yi mata gyara, kuma dole ne.

Dalili kuwa, kowace fitowa aƙalla sau biyu ake ɗauka. A karo na farko dariya ta fi ƙarfi don ba su san abin da ke zuwa ba, amma wataƙila a nan ne yaro ya kalli kyamara. A karo na biyu wasan ya yi kyau, dariyar ta yi sanyi. Mai tacewa sai ya ɗauki hoton na biyu ya ɗora masa dariyar farko. In aka yanke daga wannan ɗauka zuwa waccan a tsakiyar dariya, sai an cike gurbin don kada kunne ya ji tsalle. Wani lokaci ma rage ta ake yi, in wani mai babbar murya ya zauna daidai ƙarƙashin makirufo, ko jama'a sun yi tafin daƙiƙa 20 saboda baƙon tauraro ya shigo.

In raha ta faɗi ƙasa a karon farko, marubuta na taruwa a gefen dandamali su ba ɗan wasa sabon layi a kunne kafin karo na biyu. Da babba wannan ba komai ba ne. Da yaro kuwa haɗari ne, domin ya haddace layinsa da sautinsa tun Talata, in ka canza masa kalma ɗaya duka ya warware. Shi ya sa canjin ake ɗora wa babban da ke ba shi amsa.

Dariyar kuma tana cin lokaci. Akwai mai riƙe da agogo tun ranar Litinin tana auna kowace fitowa, ana barin minti biyu ko uku saboda dariya. Duk da haka tacewar farko kan zarce da 'yan mintuna, kuma abin da ake fara yankewa shi ne ƙaramin labari. In ka ga kashin da labarin yara ya fara bai ƙare ba, a ɗakin tacewa ya mutu.

Inda na yarda da kai shi ne, 'yan kallo na yi wa yaro dariya don yana da kyau, ba don layin ya yi ba. Marubuta in suka ɗanɗana wannan sai su sangarce, su ba yaron kalma ɗaya da zai riƙa maimaitawa kowane mako.

Nafi'u:
To, wannan na karɓa. Baƙin taurari fa da ke fitowa da sunansu? Tunda gidan shahararru ne, ai dole abokansu su zo.

Malam Garba:
Sau biyu ko uku a zango ya isa. Ya wuce haka, iyalin sun zama masu buɗe wa baƙi ƙofa a shirinsu. Kuma baƙo na tsufa da sauri, wanda ake ihu a kansa bana, mai kallon maimaici bayan shekara takwas bai san shi ba, sai ya ga ana tafi bai san dalili ba. In za ka kawo shi, ka ba shi aikin da ya saɓa da sunansa, kamar ya zo ɗaukar ɗansa daga bikin zagayowar haihuwa yana rigima a kan wa ya karya abin wasa. Kuma a rubuta fitowar yadda in ya fasa zuwa ranar Laraba za a iya sa wani.

Abbati:
Saura ɗaya. Ba zai fi sauƙi a ɗauko tauraro na gaske da 'ya'yansa na gaske ba, kamar shirin Ozzie da Baba Tanko ya kawo?

Hajiya Rabi:
Ya fi sauƙin tallatawa, bai fi sauƙin yi ba. An yi, Billy Ray Cyrus ya fito uban 'yarsa Miley a Hannah Montana daga 2006 zuwa 2011. Amma ka duba, wanda ya kamata ya tsaya a gefe ya ce "yarinyar nan ta gaji" shi ne kuma abokin wasanta, wani lokaci ma shi ne furodusa da jinkiri zai ci kuɗinsa. Dole a samu wani waliyyi daban da ba ya cikin aikin. Sannan ɗan da aka ɗauka ta gwaji in bai iya ba ana canza shi bayan kashin gwaji. Ɗan mai shiri fa, wa zai kore shi?

Ko na gaske ko na haya, duk girma suke yi, kuma shi ne abin da ba a shirya masa. A tsarin manyan tashoshi zango kashi 22 ne zuwa 24 a shekara, burin kowa kuma ya kai wajen kashi 100 don a sayar wa wasu tashoshi su riƙa maimaitawa kullum. Shekara biyar ke nan. Wanda ka ɗauka yana da shida don kumatunsa ya zama ɗan 11, mai 12 murya ta buɗe. Sai a rikice a kawo sabon jariri, zango na gaba a wayi gari ya zama ɗan shekara huɗu mai magana, ko a ɗauko wani ɗan dangi a jefo gidan. The Brady Bunch sun yi haka a 1974 da wani yaro Oliver, kashi shida ya yi aka rufe shirin. Gara tun farko a jera shekarun yaran da tazara, misali 5 da 10 da 14, yadda in babba ta wuce labarin kunyar uba a ƙofar makaranta, na tsakiya ya iso wurin.

Zainabu Tace:
A masu nunawa ta intanet abin ya fi muni, Hajiya. Kashi takwas ko goma, sannan a yi shekara ɗaya da rabi kafin zango na gaba. A labari washegari ne, yaron kuwa ya ƙara taƙi guda.

Hajiya Rabi:
Ba sai an kai shekara ba. Ɗan shekara shida ko bakwai haƙorin gaba na iya fita tsakanin fitowar da aka ɗauka Alhamis da wadda za a ɗauka Juma'a, alhali a labari minti biyu ne tsakaninsu. Shi ya sa da zarar haƙori ya fara girgiɗa ake kai shi likita ya auna bakin, a yi masa na roba mai maƙalewa a ajiye a akwatin mai kwalliya. Sai dai yana canza yadda yaro ke furta "s", don haka a ba shi ya yi gwaji da shi tun Talata, kada ya fara sa shi a gaban mutum 300.